Shayin Ƙarfe Biyar

Duk yaron da ya gama makaranta aiki bai samu ba, sai ya zo ya tsaya min a ka ya ce, "Baba Sule, ni ma teburin shayi zan kafa kafin abin kirki ya faɗo." Ka ji fa, kafin abin kirki ya faɗo. Wato sana'ar da na kwashe shekara talatin da ɗoriya ina yi, rumfa ce da ake fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Ba na jin haushinku, don ni ma da na shigo Kano zatona ruwan zafi ne da sukari. Amma tunda kun ce in faɗa muku yadda ake yi, ku gyara zama. Wanda ya san sauri yake yi, ya tashi tun yanzu.

Da wankin kofi na fara, a wurin wani Badamagare da ake kira Mamman Dogo, nan Fagge, ba nisa da mahaɗar Bata. Shekara biyu ban taɓa buta ba sai don in cika ta da ruwa. Bokiti uku ne a gabana: na kumfa, na ɗauraya, sai na ruwan zafi. Kofin da aka sha mai madara ba ya haɗuwa da na baƙin shayi, domin mai shan baƙi ko ɗigon ƙarni ya ji ba zai yi maka magana ba, gobe dai za ka hango shi a teburin wani. Mamman Dogo ba ya duba kofi da ido, da hanci yake dubawa. In ya shinshina ya ajiye, na tsira. In ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba, to cokali na tafe a bayan hannuna.

Bayan kofi sai wuta. Kurfoti ne a lokacin, babu zancen gas, kuma gawayin ma iri-iri ne. Akwai mai tartsatsi da zai huda wa mutum riga, akwai mai hayaƙi da zai shiga ruwa ya ɓata ɗanɗano, akwai na kirki mai nauyi a hannu, wanda in ka buga biyu za ka ji ƙara. Sai da na iya wuta sannan aka ba ni kofunan silba biyu na sheƙawa. Ku da kuke ganin ina ɗaga hannu sama, shayi na zubowa a miƙe bai fantsama ba, kuna zaton burga ce. Ba burga ba ce. Shi ke narkar da sukari, ya haɗe madara, ya rage zafi daidai bakin mutum. Wata huɗu ina koyonsa da ruwan sanyi a bayan rumfa, duk da haka ga tabon nan a wuyan hannuna.

Amma babban karatun Mamman Dogo guda ɗaya ne, sauri. Bencinmu mutum shida yake ɗauka, kasuwar safe kuwa ba ta wuce daga fitowa masallaci zuwa buɗe shaguna a kasuwar Kwari. "Benci ba gado ba ne," haka yake cewa. Mutum ya zauna, kafin ya gama amsa gaisuwa kofinsa na gabansa. Kafin ya kai rabi an yanka masa burodi. Yana ajiye kofi ka ɗauke, ka sa tsumma ka goge gabansa. Goge teburin nan shi ne sallama, ba sai ka buɗe baki ba, kowa ya san ma'anarsa. Kuma ba a tambayar mutum sau biyu yadda yake sha. Alhaji Hamisu mai atamfa, alal misali, baƙi ne, citta da yawa, sukari cokali ɗaya. Sau ɗaya ya faɗa min, ban sake tambaya ba har yau. Da Mamman Dogo ya koma gida ya bar min wurin, a kan wannan tarbiyya na ɗore, har 'yan dako suka sa min suna Sule Walƙiya.

Wata safiya cikin bazara, kasuwa ta lafa ina kankare kaskon ƙwai, wata mata ta zo ta tsaya a gefen tebur. Na san ta a fuska. Maman Obinna ake ce mata, iyayenta Ibo ne amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Muka gaisa, ta ce:

"Malam Sule, so nake ka zo ka riƙa yin shayi a wurina, daga la'asar zuwa isha'i."

"Madam, a gidan giya?"

"Babu giya. Shekara guda ke nan ko kwalba ɗaya ba ta shiga ba."

Mijinta ne ya buɗe wurin, kuma abin da yake sayarwa shi ya ci masa hanta. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da sana'ar na ɗan lokaci, sai rana ɗaya ta kira masu kawo kaya ta ce su kwashe akwatunansu. Ta wanke ɗakin, ta sa kujeru da talabijin da allon dara da ludo, ta ce duk wanda ya bar giya ko ƙwaya ko maganin tari, yana neman inda zai zauna da yamma ba a miƙo masa komai ba, ya zo. Matan cocinsu na taimaka mata da man janareta. Ta rataya allo a ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan wurin masu barin shaye-shaye ne. Sai wuri ya zauna wayam. 'Yan unguwa suka sa masa suna Mashayar Babu.

"To ni mene ne nawa a ciki?" na tambaye ta.

"Mutanenku na Fagge sun fi kowa buƙatar wurin, amma ba sa shiga. Wanda aka gani a ƙofata, a ce giya ya je sha. Wanda ya karanta allon kuma ya ce ba zai je tallan kansa ba. Amma ka taɓa jin an tambayi mutum me ya kai shi bencin mai shayi?"

Ban taɓa ji ba. Yamma a bazara ba wata kasuwa gare ni ba, saboda haka ba zan ce muku tausayi ne ya kai ni ba. Sharaɗi ɗaya na sa, a sauke allon nan. Na kafa tebur a ƙarƙashin rumfar ƙofarta, rabi a waje rabi a ciki, na jera burodi da gwangwanayen madara yadda mai wucewa zai ga teburin shayi kamar kowane. Cikin mako biyu aka fara zama. Wani ya zauna a benci kwana uku yana leƙen ɗakin, a na huɗu ka ga ya ɗauki kofinsa ya shiga wurin masu dara.

A nan na tafka kuskuren farko, kuma ban san na yi ba sai da aka faɗa min. Akwai wani dattijo a wurin, Malam Iliya, tsohon malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Zariya, Kirista ne. Ya ce shekara talatin ya yi yana sha, tun daga burukutu har na kwalba, shekara biyu ke nan da bari. Wata yamma ya matso kusa da kurfoti ya ce:

"Malam Sule, ka iya shayi, ba ƙarya. Amma korar mana mutane kake yi."

"Ni? Wa na kora?"

"Wancan da ya tashi yanzu, minti nawa ya yi a zaune?"

"Bai kai biyar ba." Da alfahari ma na faɗa.

"To ina kake zaton ya nufa? Ƙarfe biyar ne fa. An tashi daga aiki, akwai ɗan abu a aljihu, gida kuma ba daɗi. Abin nan in ya taso wa mutum kamar ciwon ciki yake. Ya murɗa, ya murɗa, sannan ya sake ka. In ka samu inda ka zauna har ya wuce, yau ka tsira. Kai kuwa ka miƙa masa shayi ka goge gabansa."

Mutumin da bai taɓa riƙe buta ba yana koya min sana'ata, kuma gaskiya gare shi. Abin ya yi min ciwo, amma washegari na bar filas ɗin ruwan zafi a Fagge.

Ga yadda shayin yamma ya koma. Ƙaramar buta na samo, ba na ɗora ruwa sai mutum ya zauna, kuma ruwan randa nake ɗorawa, a kan gawayi. Na sayi ɗan turmi na ƙarfe. Mutum na zama sai in tura masa, da citta da kanumfari da masoro, in ce ya daka min kafin ruwa ya tafasa. Hannun da ke rawa in ya samu taɓarya yakan natsu. In ya ce ya daku, in duba in ce da saura. Sheƙawar da nake yi sau biyar a Fagge, a nan sai in yi ashirin. Burodi ba ya fitowa sai an kai rabin kofi, ƙwai kuma sai an gama da burodin. Lemon kwalba ba ya shiga wurin ko kusa, don masu maganin tari a cikin kwalbar lemo suka saba haɗawa, ganinta kawai ya isa. Ko zoɓon Maman Obinna a kofi ake zubawa. Tsumman goge tebur kuwa na cusa shi a aljihun wando, ba ya fitowa sai an watse.

Kada ku zaci sauƙi ne. Koyon jinkiri ya fi koyon sauri wuya. Hannuna ƙaiƙayi yake yi in ga kofi ba komai a gaban mutum ban ɗauke ba. "Baba, ruwan nan bai tafasa ba?" "Saura kiris." Na faɗi saura kiris a wurin nan fiye da tela ranar jajibere. Kuma ciniki ba ya cikin lissafin wannan aiki, domin mutum ɗaya zai riƙe maka gurbin benci tun la'asar sakaliya har a kira magariba a kan kofi guda. Da Mamman Dogo ya gani, da ya ce na haukace.

A shekara ta biyu, cikin damina, Tasi'u ya fara zuwa. Magidanci ne, ɗan sahu mai tuƙa babur mai ƙafa uku, da 'ya'ya biyu, kuma surukin Alhaji Hamisu ne, mai shan baƙi da citta. Maganin tari ne nasa, da ƙwaya. Wata rana barci ya ɗauke shi a kan tuƙi ya kifar da babur ɗin da fasinja a ciki. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma Alhaji ya aika aka ɗauko 'yarsa Hajara da yaran. Ya ce ba saki ya nema ba, amma babu zancen biko sai Tasi'u ya yi wata shida cur bai taɓa komai ba, kuma ba bakin Tasi'u zai ji ba. Da safe a Fagge, yana kurɓar shayinsa, ya ce min:

"Sule, an ce yaron nan wurinka yake zuwa da yamma, can Sabon Gari."

"Yana zuwa, Alhaji."

"Ni ban san matar nan ba, ban san wurinta ba, kuma ƙafata ba za ta taka can ba. Kai na sani. Kai ne idona."

Ƙarfe biyar Tasi'u ke miƙa babur ga mai tuƙin yamma. Daga inda yake ajiyewa zuwa ɗakinsa, hanyar ta bi ta gaban shagon da ya saba saye, abokan shansa kuma na nan zaune a bakin kwata. Saboda haka ba ya nufar gida. Sai ya tsallako Sabon Gari ya zauna a ƙarshen bencina, ya ja turmi ba tare da an ce masa ba. Makonnin farko gumi yake yi kamar an watsa masa ruwa, hamma, hawaye, ga faɗa. Ya taɓa jifa da taɓarya don na ce cittar ba ta daku ba. Na ɗauko na sake miƙa masa. Daga baya Malam Iliya ya koya masa dara, ya riƙa cinye shi ba tausayi, shi kuma ya ƙi tashi sai ya rama. In an kira isha'i ya yi salla a masallacin bakin titi, lokacin abin ya sake shi, ya tafi ya kwanta. Haka muka yi wata huɗu, ko rana ɗaya bai tsallake ba.

Shekarar kuwa ita ce muguwar shekarar nan da kuka sani, wadda sukari ya gagari mai shayi, madara ta koma ta gani a kanti. A Fagge masu shan mai kauri suka koma baƙi, masu ƙwai biyu suka koma ɗaya, wasu suka koma gaisuwa kawai. A Sabon Gari abin ya fi muni. Matan coci su ma ta kansu suke yi, man janareta ya tsaya. Talabijin ya lalace ba a gyara ba. Maman Obinna ta fara dafa shinkafa da wake da rana tana kai wa 'yan kasuwa don wurin ya tsaya da ƙafarsa. Wani mai gidan giya a layin baya ya yi ta zarya yana cewa ta bar masa ɗakin, tunda ga firji ga kujeru. Ta ce masa firjin zoɓo ne. Ni abin da na iya shi ne na ɗauke mata gawayi da kayan ƙamshi, na riƙa zuwa da fitilar caji biyu, na kuma roƙi masu burodin da nake saro wa su riƙa ba ni wanda ya kwana. In an gasa shi a kasko da ɗan man gyaɗa ba mai cewa jiya aka yi shi. Wuri ya rage armashi, amma ƙofar na buɗe kullum da la'asar.

Sai watan Kirsimeti ya kama. Ku da kuka tashi a nan kun san yadda Sabon Gari ke yi, motoci na lodi, shaguna na rufewa, kowa ya nufi garinsu. Maman Obinna ta shekara uku ba ta je ba, gyatumarta kuma ba lafiya. Ta ce mako biyu za ta yi. Ta kulle ɗakin saboda ɓarayin janareta. Ni ma ban ga aibu ba. Lokacin sanyi ne, shi ne kakar mai shayi, ga Kwari ta cika da masu sayen kayan ƙarshen shekara, ga ni na sha wuya duk shekarar. Na ce wa mutanen wurin, "Mako biyu ne kawai, ku same ni a teburina na Fagge, ai duk shayi ne." Malam Iliya ya dube ni ya ce, "Wannan watan fa shi ne watan da ake faɗuwa." Na ce Allah zai tsare.

Ranar farko, biyar da 'yan mintuna, Tasi'u ya zo Fagge kamar yadda na ce. Benci a cike, mutum huɗu a tsaye, kasko na ci, wani na kiran a ƙara masa sukari. Aka matsa masa ya zauna. Na ga fuskarsa, na amsa gaisuwarsa, har na ce masa sannu da aiki. Amma sabo turken wawa. Hannuna ya buɗe filas, ya haɗa, ya sheƙa sau biyar, ya ajiye masa. Ya shanye. Na ɗauke kofin, na zaro tsumma na goge gabansa. Wallahi ban san na yi ba. Ya dubi teburin, ya dubi mutumin da ke tsaye a bayansa yana jiran gurbi, ya tashi. Daga teburina zuwa shagon nan da ya saba saye, ko tafiyar minti uku babu.

Washegari bai zo ba. Na ce ko aiki ne ya riƙe shi. Rana ta uku Malam Iliya ya tako har Fagge da sandarsa, ya tsaya bai zauna ba.

"Ina Tasi'u?"

"Ni ma shi nake nema. Shekaranjiya ya zo ya sha shayi."

"Minti nawa ya yi?"

A nan na tuna da tsumman. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a kan sana'a. Na sauke kasko, na sallami mutane, na rufe teburin Fagge da rana tsaka a ganiyar kasuwa. Na ɗora kurfoti da ƙaramar buta da turmi da benci ɗaya a kura, aka tura min Sabon Gari. Na kafa a ƙarƙashin rumfar, ƙofa na kulle a bayana. Na kira Maman Obinna a waya na faɗa mata. Ta ce:

"Ni na rufe ƙofa, Malam Sule."

"A'a, Madam. Ya zo inda na ce ya zo. Ni na tashe shi."

"To ka je wurin mai gyaran fanka na kusa da ni, akwai makulli ɗaya a hannunsa. Ka riƙe, kar ka maido min."

Mutum biyar cikin na kullum suka dawo a yammar. Biyu ba mu sake ganinsu ba har yau. Tasi'u kuwa Malam Iliya ne ya nemo shi washegari da hantsi, a wani kango bayan tashar mota, ya kai shi gidansa ya yi wanka, ya kawo shi da la'asar. Ya zauna a ƙarshen benci, ido ja, leɓe a bushe. Na tura masa turmi. Ya yi ta daka har cittar ta zama gari, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Kwana uku ne, Baba. Na rantse ba zan ƙara ba. Ka bar shi tsakaninmu."

Na ce, "Sha shayinka." Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ragonta ce, na sani. Shi kuma ya ɗauka na yarda.

Daga nan bai sake tsallake rana ba. Maman Obinna ta dawo, wata shida suka cika, Alhaji Hamisu ya sa ranar Lahadi bayan la'asar. Mahaifin Tasi'u ya rasu, saboda haka ni na zama babbansa. Ya karɓi babur ɗin yini guda, ya sa farar shadda, ya sayi alawa da balan-balan na yara ya ɓoye a ƙarƙashin kujera. A hanya sai zuba yake yi, ya yi wa ɗaki fenti, ya sayi sabuwar leda, ya gyara ƙofar banɗaki. Ni dai ina ta kallon titi.

Muka zauna a zauren Alhaji. Aka gaisa, Tasi'u ya durƙusa ya ba da haƙuri yadda ake yi. Alhaji bai dube shi ba, ni ya duba.

"Sule, shekara ashirin da wani abu kana miƙo min kofi, ban taɓa leƙa cikinsa ba kafin in sha. Yau ma ba zan leƙa ba. 'Yata ce da jikokina. Faɗa min."

Na ji numfashin Tasi'u a gefena. Da na ce wata shida cur, da a yammar Hajara ta koma ɗakinta, kuma ba mai sani sai mu biyu da Malam Iliya da Maman Obinna, sai Allah. Na so in faɗa, ba zan ɓoye muku ba.

"Alhaji, wata shida ne, ban da kwana uku. A watan Kirsimeti aka yi su. Kuma a teburina suka fara, don ya zo wurina a lokacin da ya kamata in riƙe shi, ni kuma na sallame shi saboda kasuwa. Kafin su da bayansu, kullum yana gabana daga biyar zuwa isha'i. Abin da na gani ke nan."

Daga cikin gida ana jin muryar yara. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce:

"Wata uku kuma. In ya sake, kai za ka zo ka faɗa min?"

"Ni zan zo."

"Ku tashi ku je. Allah ya shirya."

Hajara ta koma ɗakinta daga baya, amma a ranar ba wanda ya san za a kai can. Muka fito. Tasi'u ya shiga babur, na shiga baya. Ya zaro ledar alawar ya miƙa wa wata mai tallan gyaɗa ya ce ta kai cikin gidan, ya tayar. Sai da muka hau titi ya yi magana.

"Ka kashe min aure, Baba. Kai ka tashe ni daga benci, kai kuma ka kai ƙarata."

Na ce haka ne.

Biyar ta gota. Muka iso Bata, cunkoso ya tsayar da mu. Ina kallon ƙeyarsa, gumi na zubo masa irin na makonnin farko. Daga nan in ya karya hagu, unguwarsu ce da shagon nan. In ya miƙe, Sabon Gari. Aka ba da hannu, motoci suka motsa. Ya miƙe.

Bai kai ni ƙofar Maman Obinna ba. Ya taka birki a bakin layi, gaban masu sayar da gawayi, bai juyo ba.

"Sauka ka saya. Jiya na ga buhunka ya ƙare," ya ce. "Kuma ka zaɓi mai nauyi, yau zan daɗe."